Me ya sa jaruman rediyon Ingila suka rage kwarjini da suka shiga silima?

A ƙarshen shekarun 1940, idan ƙarfe bakwai saura kwata na yamma ta gabato, lungunan unguwannin Ingila kan yi tsit. Yaran da ke buga ƙwallo su watse, kowa ya ruga gida ya tsuguna gaban akwatin rediyo, domin a daidai wannan lokacin BBC ke sako wani kiɗa mai sauri kamar sukuwar dawaki, wanda Charles Williams ya tsara, mai suna Devil's Galop. Kiɗan na sauka sai a shiga labarin Dick Barton, tsohon kyaftin ɗin sojan kundumbala da ya koma jami'i na musamman, tare da abokansa biyu, Snowey ɗan Landan da Jock mutumin Sikotland. An fara shirin ranar 7 ga Oktoba 1946, aka rufe shi ranar 30 ga Maris 1951, bayan kashi 711, kowanne minti 15. A ganiyarsa an ƙiyasta masu sauraronsa sun kai miliyan 15, a ƙasar da mutanenta duka ba su wuce miliyan 50 ba.

Kafin shirin ya ƙare an riga an yi finafinai uku da sunan Barton. Wani jarumin rediyon da ya girme shi, Paul Temple, ya samu huɗu tsakanin 1946 da 1952. Wanda ya kalli waɗannan finafinai a yau zai yi mamakin yadda abin da ya hana yara wasan dare ya koma haka: ɗaki ɗaya ana ta juya shi, dambe marar ƙarfi, bos mai gemu da karin harshen baƙi, mota guda ana ta bin ta a hanyar ƙauye. Amsar tana wuri biyu. Ɗaya a kasuwa take, ɗaya kuma a bambancin kunne da ido, kuma ni dai na fi ganin gizo a nan yake saƙa.

Bari mu fara da kasuwar. Birtaniya ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da nasara amma aljihunta a bushe. Abinci da kati ake saye. Ko burodi, wanda ba a ƙayyade ba duk tsawon yaƙin, sai da aka sa masa kati a watan Yulin 1946. Talabijin ta dawo aiki a watan Yunin wannan shekarar, amma a kewayen Landan kaɗai, kuma gidajen da ke da ita 'yan dubbai ne. Nishaɗin talaka bai wuce biyu ba, rediyo a gida, silima a gari. A 1946 an sayar da tikitin silima miliyan 1,635, adadin da ba a sake kai shi ba har yau. Idan aka raba shi da yawan jama'a, kowane mutum, har jaririn goye, ya shiga silima sama da sau 30 a shekarar.

Mai tikiti kuma ba fim ɗaya yake sa ran gani ba. Tsarin lokacin shi ne a haska biyu a zama ɗaya: babban fim, wanda galibi daga Amurka yake zuwa da manyan taurari, sai ƙaramin fim mai kimanin awa ɗaya da 'yan mintoci da ake fara sakawa kafin shi. Babban fim yana samun kaso daga kuɗin ƙofa. Ƙaramin kuwa yawanci kuɗi ne tsayayye ake biya, silima ta cika ko ba ta cika ba. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana rabin matsalar. Wanda ya san abin da zai karɓa ba zai ƙaru ba komai kyan aikinsa, ribarsa ba ta wurin inganci za ta fito ba, ta wurin tsumulmula za ta fito.

Sai kuma hannun gwamnati. Tun 1927 akwai dokar da ta wajabta wa gidajen silima haska wani kaso na finafinan gida, don kada Hollywood ta cinye kasuwar gaba ɗaya. A watan Agustan 1947 gwamnatin Leba, wadda ƙarancin dala ya sha mata kai, ta ɗora harajin kashi 75 cikin ɗari a kan finafinan waje. Kamfanonin Amurka suka yi fushi suka daina turo sabbin finafinai, har sai da aka sasanta a watan Maris 1948. A shekarar kuma aka yi sabuwar doka, Harold Wilson, wanda a lokacin shi ke riƙe da ma'aikatar ciniki, ya sa kason manyan finafinan gida ya zama kashi 45, na ƙananan kuma 25. Kwatsam sai masu silima suka shiga neman fim ɗin gida ido rufe, ko wane iri ne, muddin zai cike gurbi.

Ga ƙananan kamfanoni irin su Butcher's da Exclusive, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Exclusive kamfanin rarraba finafinai ne na Enrique Carreras da William Hinds, wanda kan hau dandalin barkwanci da sunan Will Hammer, kuma daga wannan laƙabin aka samo sunan ɓangarensu na shirya fim, wato Hammer. 'Ya'yansu, James Carreras da Anthony Hinds, su ne suka ja ragamar bayan yaƙi. Ba su da kuɗin ɗaukar tauraro, ba su da kuɗin talla. To me za a rubuta a allon ƙofar silima da zai sa mai wucewa ya tsaya? Sunan da ya riga ya sani. BBC ba ta karɓar talla, amma duk yammacin da ta sako kiɗan Barton, tamkar talla ce ta kyauta take yi wa duk wanda ya sayi izinin yin fim da sunan. Abin da waɗannan kamfanoni suka saya ke nan, jama'ar da wani ya riga ya tara. Labarin kansa bai dame su sosai ba.

Butcher's ne suka riga kowa, da Paul Temple. Francis Durbridge ya ƙirƙire shi yana matashi, aka fara watsa shi daga tashar BBC ta Birmingham a watan Afrilun 1938, cikin kashi takwas, da sunan Send for Paul Temple, ma'ana a kirawo Paul Temple. Shi Temple marubucin littattafan bincike ne mai rufin asiri, wanda Sir Graham Forbes na Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan, kan nemo idan lamari ya gagari 'yan sanda. A labarin farko ya haɗu da wata 'yar jarida mai rubutu da sunan Steve, ya aure ta, daga nan suka zama su biyu a kowane bincike. Shirin ya daɗe har 1968. An mayar da labarin farkon fim a 1946, Anthony Hulme ya fito a Temple. Sauran ukun, na 1948 da 1950 da 1952, John Bentley ne ya ja su, Maclean Rogers ya ba da umarni, Dinah Sheridan ta fito a Steve a biyu, Patricia Dainton a na ƙarshe. A wannan na ƙarshen akwai wani dogon saurayi cikin waɗanda ake zargi, Christopher Lee, wanda 'yan shekaru kaɗan bayan haka Hammer za ta mayar da shi Dracula, dodon nan mai shan jini.

A ganina Temple ya fi Barton jure wa kyamara, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Labaran Durbridge magana ce jarinsu. Mutum biyar ko shida sanye da kwat, kowa yana ɓoye wani abu, waya ta yi ƙara, a tsinci gawa, a koma falo a zauna a tattauna, a ƙarshe a tara kowa wuri ɗaya a nuna mai laifi. Wannan ba ya cin kuɗi. Falo da kujeru da fitila sun wadatar. Inda aka samu cikas shi ne wajen matsewa. Labarin da aka tsara kashi takwas, kowanne kusan rabin awa, ya kai awa huɗu. A dunƙule shi cikin awa ɗaya da rabi, sai abubuwan da ke rufe kowane kashi, waɗanda a rediyo mako guda ke raba su, su jeru kai da kai. Ba a gama jimamin gawar farko ba an tsinci ta biyu. Kowane minti goma wani na shirin faɗin sunan mai kisan sai a harbe shi ta taga. A rediyo wannan ne ke hana mutum barci. A silima, idan ya faru karo na uku, dariya yake jawowa.

Barton kuwa wahalarsa ta fi haka zurfi. A lissafa: kashi biyar a mako, minti 15 kowanne, minti 75 ke nan, kusan daidai da tsawon fim ɗaya. A takarda kamar an huta, mako guda na rediyo ya zama fim guda. Amma a cikin minti 75 ɗin nan akwai tsaiko biyar, kuma kowane tsaiko yini guda ne cur. An bar Barton ɗaure a ɗaki ruwa na hawa ya kai masa wuya, kiɗa ya tashi, sai gobe. Yaro ya kwana da abin, ya kai shi makaranta, a yi ta gardama lokacin tara kan yadda zai kuɓuta. Kafin ƙarfe bakwai saura kwata ta zagayo, shi da abokansa sun riga sun yi wa marubucin rabin aikinsa. Kuɓutar kanta sau da yawa ba ta da wani armashi, har Turawan suka mayar da ita abin zolaya, wai da tsalle ɗaya Dick ya kuɓuce. Ba wanda ya damu, domin jiran ne daɗin. Fim ba shi da hanyar sayar da jira. Ya ɗaure jarumi, bayan daƙiƙa talatin dole ya kwance shi a gaban idonka, kuma kana ganin igiyar ba ta ɗauru ba.

Sannan ga tsadar ido. A ɗakin ɗaukar shirin rediyo akwai makirfo, 'yan wasa uku riƙe da takardu, da wani mutum a gefe da tarkacensa: faranti cike da tsakuwa da yake takawa idan ana son a ji tafiya, ƙaramar ƙofa a kan katako da yake buɗewa ya rufe, bokitin ruwa, faifan garmaho mai ƙarar jirgi ko fashewar bam. A ce marubuci yana son masana'anta ta kama da wuta, Barton yana rataye a bene na goma. Ɗan wasa ya yi ihu ya ce rufin zai rufto, mai tarkace ya murtsuke takarda kusa da makirfo, shi ke nan, mutum miliyan 15 sun ga gobara, kowa da irin tasa. Mai fim kuwa sai ya nemo benen, ya nemo wutar, ya biya wanda zai rataya. Wanda ke ƙirga kwabo ba zai iya ba, sai ya rage gobarar ta zama hayaƙi a bayan taga. Mu kan ce gani ya kori ji. A nan ma ya kore shi, sai dai korar ba ta alheri ba ce, don abin da aka gani bai kai wanda aka ji ba.

Fuska ma matsala ce. Duk wanda ya taɓa shaƙuwa da muryar wani a rediyo shekara da shekaru, ranar da ya gan shi ido da ido ya san abin da nake nufi. Noel Johnson ne muryar Barton ta farko, kuma ita mutane suka gina wa jiki a zukatansu. A fim Don Stannard aka kawo, kyakkyawa mai faɗin ƙirji, ba laifi, amma ba shi ba ne. Snowey da Jock ma wasu aka sa.

Fim ɗin farko, Dick Barton: Special Agent, ya fito a 1948, kuma a nan aka yi babban kuskure. Aka ba Alfred Goulding umarni, mutumin da ya yi suna a barkwanci, wanda ya yi aiki da Harold Lloyd ya kuma ba da umarnin wani fim na Laurel da Hardy, duk taurarin barkwancin Hollywood. Sai ya ɗauki Barton a matsayin abin dariya. Labarin wani likitan bogi ne, Dr Caspar, a wani ƙauyen bakin teku, mai shirin zuba ƙwayoyin cuta a ruwan shan ƙasar, amma 'yan korensa wawaye ne masu tuntuɓe da juna. Manya na iya yi wa Barton dariya a gida, yaro kuwa da gaske yake ɗaukarsa, kuma ba ya yafe wa wanda ya raina masa gwani. Duk da haka fim ɗin ya kawo kuɗi, don sunan ya yi aikin da aka saye shi dominsa.

A nan ya kamata a ambaci wani abu da ya ɗaure hannun kowa. BBC da farko ba don yara ta yi shirin ba. Barton na farkon yana shan taba, yana kurɓa giya, yana da budurwa mai suna Jean Hunter. Da aka gane yara ne suka fi yawa a masu sauraro, malamai da limaman coci da masu rubuta wa jaridu wasiƙa suka taso, wai yana lalata tarbiyya. Sai BBC ta rubuta wa marubutan, Edward J. Mason da Geoffrey Webb, jerin ƙa'idoji: babu giya a wajen Barton, babu harkar mata, babu ashar daga bakin kowa, faɗansa kuma kada ya wuce naushi mai tsabta a muƙamuƙi. Jarumin da aka wanke haka tas, a rediyo sauri da kiɗa suna rufa masa asiri. A babban allo, inda ake kallon fuskarsa fiye da awa guda, sai a ga babu kowa a cikin kwat ɗin.

Hammer ta gyara a na gaba. Godfrey Grayson ya karɓi umarni, aka zubar da barkwancin. An fara ɗaukar Dick Barton at Bay, labarin wani farfesa da aka sace shi da 'yarsa saboda na'urar da ke kakkaɓo jirgin sama da haske, aka ƙare a hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Beachy Head. Amma aka ajiye shi sai 1950, aka fara fitar da wanda aka ɗauka bayansa, Dick Barton Strikes Back, a 1949. Wanda ya kalli biyun zai gane dalili.

Strikes Back shi ne gwanin ukun, kuma abin da ya sa ya yi kyau yana da ban sha'awa. Bos ɗin, Fouracada, wanda Sebastian Cabot ya fito a matsayinsa, makaminsa sauti ne. Wata na'ura ce mai fitar da ƙara da ke kashe mutanen gari gaba ɗaya. Barton ya isa wani ƙauye ya tarar kowa ya mutu a inda yake. A ƙarshe aka gano an kafa na'urar a ƙololuwar hasumiyar Blackpool, wadda tsawonta ya kai mita 158, a garin da ma'aikatan arewacin Ingila ke tururuwa hutu. Aka fita da kyamara aka ɗauka a hasumiyar ta gaske. Barton na hawa, yana dambe da 'yan koren bos a kan ƙarafa, garin na can ƙasa, ƙarar na'urar kuma tana ta ƙaruwa, tana tsananta, har mai kallo ya ji kamar ya toshe kunnensa. Wato wuri ɗaya da fim ɗin Barton ya kama mutane da gaske shi ne inda ya koma ga kunne, ya bar sauti ya ɗauki nauyin tsoron, ido kuma aka ba shi abu guda na gaske da ba a gina da katako ba.

Ba a samu damar ɗorawa a kan wannan ba. Ranar 9 ga Yuli 1949 Don Stannard ya rasu a haɗarin mota a Cookham Dean, suna dawowa daga wata liyafar kamfanin. Cabot na cikin motar, ya tsira. An riga an shirya fim na huɗu da za a kai Barton Afirka, aka fasa.

Hammer ba ta saki dabarar ba, sai ma ta mayar da ita sana'a. A 1949 kaɗai ta yi fim da Dr Morelle, likitan ƙwaƙwalwa mai izza da baƙar magana wanda Ernest Dudley ya ƙirƙira, Valentine Dyall ya fito a matsayinsa. Ta yi da PC 49, ɗan sandan sintiri ɗan manyan gida, ta yi Celia, ta yi Meet Simon Cherry, labarin wani limamin coci mai bincike. Duka daga shirye-shiryen BBC. Wajen tsumulmula kuma suka gano wata hikima: maimakon hayar sitidiyo mai tsada, a kama hayar katafaren gidan ƙauye, irin waɗanda masu su suka kasa riƙewa bayan yaƙi, a yi fim a cikinsa, ma'aikata su ci abinci a nan. Suka fara da wani gida mai suna Dial Close a Cookham Dean, maƙwabta suka yi ƙorafin hayaniyar dare, suka koma Oakley Court a bakin kogin Thames, daga baya a 1951 suka zauna a Down Place, wanda ya zama sitidiyon Bray. Shi ya sa labaran wannan zamanin kusan duka a cikin wani tsohon gida suke faruwa, da matattakala da ɗakin karatu da magajiyar dukiya da ta ɓace. Ba labari ne ya nemi gidan ba, gidan ne ya nemi labari. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma wannan arahar ta koya wa matasan ma'aikata yadda ake haska ɗaki ɗaya ya zama uku, kuma da wannan ilimin suka yi finafinan ban tsoro da suka fitar da sunan kamfanin duniya.

Abin da ya kashe wannan kasuwa shi ne abin da ya rage wa rediyon kanta ƙarfi. Bayan naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953, wanda miliyoyi suka kalla a talabijin, da buɗe tashar ITV a 1955, sunan da kowa ya sani ya daina fitowa daga akwatin rediyo. Hammer ta bi jama'a inda suka koma. A 1955 ta ɗauko wani shirin talabijin na BBC na 1953 ta yi The Quatermass Xperiment, dabara ɗaya, tushe ne kawai ya sauya, kuma nasararsa ce ta share hanyar fim ɗinta na ban tsoro na Frankenstein a 1957.

Barton na rediyo bai ma kai nan ba. BBC ta gaji da ƙorafi, ta rufe shi a 1951, ta ba wa The Archers lokacinsa na bakwai saura kwata. Shirin manoma ne, wanda asalinsa wani manomi ne ya ce a wani taro a Birmingham abin da suke buƙata shi ne Dick Barton na noma, kuma Mason da Webb ɗin nan dai su aka ba rubutunsa. Har yau ana watsa shi. Kashi 711 na Barton kuwa BBC ba ta adana ba sai 'yan ƙalilan, domin a lokacin ba a ɗauki irin wannan shiri abin ajiya ba. Sai a 2011 aka sanar da gano ɗaruruwan kashi a ma'ajiyar finafinai da sauti ta ƙasar Ostareliya, waɗanda aka sake ɗauka da wasu 'yan wasa daban domin tashoshin ƙetare. Finafinan uku na Stannard kuwa suna nan cif, har da na Goulding.